Babi na Bakwai: Harsashi da Ɗan'uwansa

Maharban karkarar Bungudu da Tsafe sun san halin bindigoginsu ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji an ce wannan tana da gardama, waccan tana jan hagu, ta wane kuma ba ta cin nama sai da hantsi. In mutum ya auna gada ya kuskure, ba a rasa dalili. Ko dabbar tana da iska, ko an yi masa baki, ko ya gamu da mai ƙashin tsiya sa'ad da yake fita gari. Ba ni da ja da wanda ya kwana a dawa alhali ni ina kan katifa. Amma kafin a ɗora wa iska laifi, ya kamata a zazzage jakar maharbin a kan tabarma a ga abin da yake ɗura wa bindigar.

A Karakkai na ga cikin irin wannan jaka, a hannun wani dattijo da ya ajiye farauta tun da daji ya daina shiguwa. Akwai ƙahon albarushi mai toshiyar itace, da tsummokara da suka yi baƙi, da wani ƙullin leda. Da ya kwance ƙullin sai ga harsasan. Wasu dalma ce da aka dunƙule da guduma, shatar gudumar tana nan a jikinsu, gefe ɗaya a baje. Wasu ƙwayoyin boris ne na keke, sumul suna ƙyalli. Sauran guntayen ƙarfe ne da aka daddatse, masu kaifin baki. Na jera su a tafin hannuna ina neman biyu da suka yi daidai da juna, ban samu ba.

Na ce, "Baba, yaya kake gane wanda zai dace da ita?"

Ya ce, "Ɗana, ita ka zaɓen abincinta. Wanda duk yash shige ba gardama, nata na."

"In ya yi sako-sako fa?"

"Ai don haka anka yi tsumma."

Amsar tasa ba ta wasa ba ce. Haka duniya duka ta yi harbi shekaru ɗaruruwa. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, dole harsashinta ya gaza cikinta faɗi, domin albarushi yana barin dauɗa a bututu, bayan 'yan harbe-harbe ramin ya tsuke. Sojan Ingila na ƙarni na 18 yana riƙe da wata bindiga da ake kira Brown Bess, faɗin cikinta wajen milimita 19, amma dunƙulen dalmar da ake ba shi bai wuce milimita 17 da rabi ba. Da gangan aka bar wannan rata don ya samu ɗurawa da sauri a tsakiyar yaƙi. Ratar kuwa tana da farashi. Wani ɓangare na hucin albarushin yana zurarewa ta gefe, ƙarfin ya ragu. Shi kuma harsashin yana tafe yana gogar bango nan da can, kuma bangon da ya goga na ƙarshe kafin ya fita shi ne zai sa shi juyawa. Yau ya gogi dama, gobe ya gogi sama. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙwallon ƙafa ke yin kwana a iska in an buge ta ta gefe ya ga abin da ke faruwa, sai dai ɗan ƙwallo shi ya zaɓi gefen, maharbi kuwa bai sani ba.

Wani masanin lissafi na Ingila, Benjamin Robins, wanda ya fitar da littafinsa kan harbi a 1742, shi ya fara nuna wannan a fili. Ya kakkafa takardu a jere, tazara tsakaninsu, ya yi harbi ta cikinsu, sannan ya bi hudojin yana aunawa. Ya tarar harsashin ba ya tafiya miƙe, lanƙwasa yake yi a hanya. Har ya lanƙwasa bakin wata bindiga zuwa hagu da gangan. Harsashin ya fara yin hagu, daga baya ya karkato ya faɗi a dama, saboda bangon da ya goga ya sa shi juyin da ya ja shi can. Ke nan bindigar da ake cewa tana jan hagu tana iya kasancewa da gaske take, kuma dalilin yana cikin bututun.

Maharbinmu bai jira Robins ba kafin ya nemi mafita. Tun da makaminsa ba ya riƙe alkawari daga nesa, sai ya koyi matsowa. Shi ya sa ake ɗaura kan burtu a goshi, a lulluɓa da baƙin zane, a durƙusa ana tafiya ana sunkuyar da kai ana ɗagawa, har a shiga tsakiyar barewa ba su farga ba. Dabarar ta girmi bindiga, ta 'yan baka ce, amma ta zauna wa mai bindigar toka daidai. Shi ya sa kuma ake ɗura ƙwayoyi da yawa a harbi ɗaya, in wannan ya kauce wancan ya samu. Gwanintar maharbin Hausa tana cikin sanɗa da sanin iska da haƙurin kwanto. Wanda ya ce maka kakansa yana kayar da gwanki daga taku ɗari biyu da bindigar toka, ka saurare shi don daɗin hira.

A fagen yaƙi ma bindigar ba ta yi saurin kawar da baka ba. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, kibiya ce ta yi aiki. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya a 1826, ya lura cewa bindigogin da ke cikin dubban mayaƙan ba su wuce 'yan gommai ba, kuma masu su in sun harba sai su ruga baya su sake ɗuri. Daga baya Damagaram ta yi nisa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ana haɗa albarushi a Zinder, ana zuba igwa, ga 'yan bindiga dubbai. Amma yawancin bindigogin da ke shigowa Afirka ta Yamma na fatauci ne, waɗanda ake ƙerawa da araha a Birmingham da Liège musamman don kasuwar nan, kowace da nata faɗin. Dalma kuma ba kullum ake samu ba. Asantawa, a yaƙinsu da Ingila na 1874, wanda sojojin Hausa na Kyaftin Glover suka shiga a ɓangaren Turawa, sun riƙa ɗura guntayen ƙarfe, Turawa da yawa da aka samu sun tsira da rauni mara zurfi.

A daidai wannan lokaci Turai ta bi wata hanya dabam, kuma ba ƙarar bindiga ko ƙarfinta ta sa a gaba ba. Abin da ta nace a kai shi ne kowane harsashi ya yi daidai da ɗan'uwansa. A 1782 wani mai aikin famfo a Bristol, William Watts, ya sami lasisin wata dabara ta zubo narkakkiyar dalma ta rariya daga saman hasumiya. Ɗigon yana dunƙulewa da kansa a iska kafin ya faɗa ruwa. Daga nan a gangaro da ƙwayoyin a kan allo mai gangara, waɗanda suka dunƙule sosai su wuce, masu tawaya su kauce a mayar da su tukunya. A 1848 wani Bafaranshe, Jean Palmer, ya fito da ƙaramin ma'aunin kauri na hannu mai aiki da murɗi. Shekara ɗaya bayan haka wani hafsan Faransa, Claude Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga bututu ba wuya amma in albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya toshe ratar, ya kama zanen da aka tsaga a murɗe a cikin bututun. Zanen shi ke sa harsashi juyawa ta fuska ɗaya a kowane harbi. Da aka koma ɗuri ta baya da kwanson tagulla, sai lissafin ya juye gaba ɗaya. Yanzu harsashi ya ɗan fi ramin bututu kauri, ana tura shi da ƙarfi zanen ya nutse a jikinsa. Babu sauran wurin tsumma. In ya gaza da kaɗan zai yi lilo, in ya wuce da kaɗan matsi zai hau fiye da abin da ƙarfen zai ɗauka.

Mutanen wannan yanki sun ga sakamakon da idonsu. A ƙarshen Fabrairun 1903, bayan Turawa sun shiga Kano a ranar 3 ga watan, rundunar Kano da ke komowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta gamu da wata 'yar tawaga a wajejen Kwatarkwashi, nan ƙasar Bungudu. Laftanar Wallace Wright ne da wani hafsa ɗaya da sojoji 44. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, dawakin Kano suka yi ta kai hari ana mayar da su, har Waziri ya faɗi a wurin. Babu mai cewa Kanawa sun gaza jarunta, kuma sojojin da ke cikin sahun nan ba Turawa ba ne, 'yan ƙasa ne, yawancin rundunar Hausawa da Yarabawa. Abin da ya raba su shi ne, kowane harsashi da aka ciro daga akwati zai shiga kowace bindiga a sahun, ya fita da gudu ɗaya, ya faɗi inda na gabansa ya faɗi. Soja ba ya zaɓe, ba ya gwadawa, ba ya dannawa da sanda. Mun saba ba da labarin zuwan Turawa da bindiga mai ruwa da igwa. A Kwatarkwashi abin da ya yi aiki bai kai su kwarjini ba, ma'auni ne da wani ma'aikaci ya riƙe a masana'anta a Ingila.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan a Afirka ta Yamma shi ne wani sarkin yaƙi, Samori Ture. Da yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu na ƙanƙara da albarushin fatauci, hanyarsa ta samun makamai ta Freetown ta fara toshewa. Sai ya tara maƙeransa suka riƙa kwaikwayon bindigar Faransa mai suna Gras, ɓangare ɓangare, da guduma da magagari. Mayaƙansa kuma sukan tsince kwanson da aka harba a fagen daga su kai a sake cikawa. Wannan aiki ya isa a jinjina masa, kuma da shi ya ja yaƙinsa har aka kama shi a 1898. Amma duk maƙerin da ya taɓa yin abu biyu da hannu ya san inda wahalar take. Yin bindiga ɗaya mai aiki abu ne mai yiwuwa. Yin ɗari da za su ci harsashi iri ɗaya yana bukatar ma'aunin da kowa zai koma gare shi. Ni a ganina abin da maƙeranmu suka rasa ke nan, ba basira ba. Mutumin da ke iya duban launin ƙarfe a wuta ya san lokacin da zai tsoma shi a ruwa ba ya bukatar a koya masa lura. Sai dai ido da yatsa ba sa ganin abin da ya gaza kaurin takarda, kuma a nan ake yin wasan.

Abin da mayaƙan Samori suka yi don dole, yau akwai masu yinsa don nishaɗi. A Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai doka ta yarda mutum ya tara kwansonsa bayan harbi ya sake cika shi a gida. Wasu don sauƙin kuɗi suke yi, amma akwai waɗanda abin ya zame musu jaraba, 'yan gasar harbin allo. Teburin irin wannan mutum ya fi kama da na mai sayar da zinariya. Ga ɗan sikeli, ga ma'aunin kauri, ga littafin da yake rubuta komai. Zai sayo kwalin harsasai daga sanannen kamfani kamar Sierra ko Hornady ko Lapua, ya zazzage su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya auna nauyi, ya auna kauri, ya auna tsawo daga gindi zuwa kafaɗar da za ta fara taɓa zanen bututu, domin tsinin kansa ba ya cika fitowa daidai daga inji. Sannan ya kasa su kashi-kashi, kowane da sa'o'insa. Awon da yake magana a kai ɗaya ne cikin dubu na inci, alhali takardar da kake karantawa ta kai wajen huɗu cikin dubu. Nauyi kuma da ƙwaya suke lissafa shi, ƙwaya 7,000 a laba ɗaya, asalinta ƙwayar sha'ir. Almajirin fiƙihu ba zai yi mamaki ba, tun da shi ma an karantar da shi cewa miskalin zinariya nauyin ƙwayar sha'ir 72 ne.

Me ya sa wannan wahala? Harsashin bindigar zamani yana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya. A irin wannan juyi, in rigar tagullar da ta lulluɓe dalmar ta fi kauri a gefe ɗaya, ko akwai 'yar kumfar iska a ciki da ta kauce daga tsakiya, da fitarsa daga bututu zai fizgu gefe. In ya fi ɗan'uwansa nauyi gudunsa zai bambanta, ya faɗi ƙasa ko sama da shi. In kafaɗarsa ta fi kusa da zanen bututu, matsin da zai taso ya canza. Bindigar farauta mai kyau tana tara harbi biyar a cikin faɗin inci ɗaya daga yadi 100, su kuwa 'yan gasa kwatan inci suke nema, ko ƙasa da haka.

A gaskiya wani sashe na wannan aiki kwantar da hankali ne kawai. Masana'antun yau suna fitar da harsasai da bambancinsu bai kai a gani a allo ba daga yadi 100, kuma iska mai kaɗawa ko numfashin mai harbi sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Sai an kai yadi 600 ko 1,000 ƙananan bambance-bambancen suke taruwa su zama tazara. Amma mutumin da ya kwana yana awo ya cire zargi ɗaya daga ransa. In ya kuskure ba zai ce harsashi ba ne, kuma ba shi da iskar daji da zai laƙa wa.

Inda awon ya wuce wasa shi ne wajen suna. Lambar da ke jikin kwali ba kullum take faɗin gaskiyar kauri ba. Harsashin AK-47 da na bindigar G3 ko FN duka ana kiransu 7.62, amma na farkon kaurinsa wajen milimita 7.9 ne, na biyun 7.82. Harsashin Ingila da aka fi sani da 303, wanda sojojinta suka riƙe tun kafin 1890, ainihin kaurinsa 311 ne cikin dubu na inci. Bindigar farauta mai baki biyu da ake ce wa lamba 12 kuwa, lissafinta na zamanin dunƙulen dalma ne: in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka dunƙule, kowane dunƙule shi ne faɗin bututun, wajen milimita 18 da rabi. Don kada wannan ruɗani ya riƙa fasa bindigogi a fuskar mutane aka kafa hukumomin da ke tsayar da awo. Ta Turai, CIP, ta samo asali a Liège a 1914, ta Amurka, SAAMI, a 1926. Su ke rubuta iyakar girman harsashi da iyakar ƙanƙantar ɗakin da zai zauna, yadda na kowane kamfani zai shiga bindigar kowane kamfani.

A Nijeriya wannan sha'awa ba ta da gurbi. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi da sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta irin mai baki biyu da ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da na toka da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera harsashi kuma ba aikin gida ba ne a dokar, na ma'aikatun gwamnati ne, irin masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. A Zamfarar yau ba sai an yi wa kowa bayanin dalili ba. Manomin da ke kwana da bindigar toka a bakin gari ya san waɗanda ke zuwa da dare harsashin masana'anta suke ɗauke da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsa da su ita ce wadda ta kasance a Kwatarkwashi. Ga kuma haɗarin da ke hannunsa. Dalma tana da laushi, in ta gamu da matsi a bututu takan ba da kai. Boris da guntun rodi ba sa ba da kai. In ɗaya ya gicciye, bututun ne zai buɗe, kuma hannun hagu ne a wurin. A ƙauyuka da yawa akwai mai yatsu uku da zai ba ka labarin. 'Yan bindigar sarki da ke cika gari da ƙara a hawan Sallah sun huta da wannan lissafi, su albarushi kaɗai suke ɗurawa.

Ita dalmar ma da aka fi so tana da nata sharri, kuma babu jihar da ta san shi kamar Zamfara. Abin da ya sa ta zama abincin bindiga a ko'ina shi ne nauyinta, ta ninka ruwa fiye da sau 11, ga shi tana narkewa a zafin digiri 327, wanda garwashin murhu ke kaiwa. Saboda wannan sauƙi ake narka ta a tsakar gida, a gwangwani, kusa da inda ake girki. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya Bagega. Duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa ta shiga bakin masu rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Tukunyar maharbi ba ta kai injin niƙan dutse ba, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin yaro ba ya da adadin da za a ce ba komai. Harsashin dalma kuma yana farfashewa a cikin naman da ya shiga, ƙananan ɓarɓashin da wuƙa ba ta gani su tafi tukunya.

Saboda haka ƙasashe suka fara janye ta daga farauta. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ita a 1991, jihar Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta daga Yulin 2019, Denmark ta bi da tata cikakkiyar dokar a 2024. Abin da ya maye gurbinta a bindigogi masu zane shi ne harsashin jan ƙarfe zalla. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashi mai nauyi ɗaya dole ya fi tsawo, mai tsawo kuma yana bukatar juyi mai sauri kafin ya tsaya a hanya, ga shi da tauri ba ya nutsewa cikin zane da sauƙi. Masu cika kwanso a gida da suka koma gare shi sun tarar alƙaluman da suka tara a littattafansu na dalma ba sa aiki a kansa, dole suka sake awo daga farko.